Muryar da ke Tallan Maganin Basir

Idan ka taɓa tsayawa a tashar mota ka ji wata murya mai sanyi tana fitowa daga lasifika tana cewa, "Kana ganin jini in ka zagaya? Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, basir ne, ga maganinsa," to muryar ƙanena ka ji. Wata bakwai ke nan da muka binne shi, amma har yanzu yana nan yana talla.

Rediyo muke ce masa tun yana yaro, don bakinsa ba ya hutawa. A makaranta bai tsinana abin kirki ba, amma miƙa masa takarda ya karanta, sai ka rantse daga gidan rediyo aka aro shi. Da ya girma sai ya kama ɗan ɗaki a bayan shagon ɗinkina, ya lilliƙa soso a bango, ya sayi makirfo da tsohuwar kwamfuta, ya shiga naɗar talla. Mai sabulu ya zo, mai maganin sauro ya zo. Duk takardar da aka kawo, karanta ta yake kamar ya gwada abin da kansa.

Babban mai kawo masa aiki shi ne Dakta. Wai Dakta! Mutumin da bai taɓa riƙe allura ba sai ta ɗinkin buhu. Ya samo farar riga, ya ɗaura lasifika a kan akwalar motarsa, ya cika bayanta da kwalaben wani baƙin ruwa. A wurinsa duk abin da ya sami ɗan Adam basir ne. Ciwon baya basir, kasala basir, ko faɗa ka yi da matarka basir ne. Shi ya rubuta kalaman, Rediyo ya zuba musu zuma.

Ni na fara gane da matsala, kuma a ƙugun wando na gane. Sau uku cikin wata biyar yana kawo mini wandunansa in rage, kuma tef ɗin tela ba ya ƙarya.

Na ce, "Kai Rediyo, me ke cin ka?"

Ya ce, "Ɗan basir ne, Yaya. Ina shan magani." Ya zaro kwalbar Dakta daga aljihu.

"Amma dai ka cika sakarai. Ba a gabana ka karanta tallan nan kana tuntsira dariya ba?"

"Haba Yaya, shekarata talatin da uku, me zai same ni? Kuma in je asibiti in tuɓe wa wani wando?"

Ka ji fa. Mutumin da ke kiran dubura da sunanta gari guda na saurare, shi ne ke kunyar likita ɗaya a cikin ɗaki. Na yi faɗa, na yi lallashi, kamar ina zuba ruwa a kwando.

Sai da ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin aikinsa sannan muka kwashe shi. Aka duba cikinsa da na'ura mai kyamara. Likitar ta ce ciwon daji ne na babban hanji, kuma ya riga ya taɓa hanta. Ta tambaye shi yaushe ya fara ganin jinin, ya ce shekara ɗaya da rabi. Ta ajiye biro. Ta ce ba kowane jini ne daji ba, amma ba a bambancewa sai an duba, kuma da ya zo da wuri da an yanke wurin ya koma bakin aikinsa.

Nan fa dangi suka nuna hali. Kawu ya ce wannan cutar tsofaffi ce, saboda haka jifa ne. Gwaggo ta kafa doka, kowa ya tambaya a ce ciwon ciki, kada a kunyata gida. Da aka yi masa aiki aka sa masa jakar bayan gida a gefen ciki, masu dubiya sai su toge a bakin ƙofa, suna sosa hanci wai ƙaiƙayi. Matarsa kaɗai, Allah ya saka mata, ta koyi canza jakar tana goye da jaririya. Cikin masu surutun nan babu wanda ya taɓa karɓar mata yarinyar ta runtsa.

Amma ba ciwon ne ya fi ƙona masa rai ba. Kullum da safe motar Dakta sai ta bi ta ƙarƙashin tagarsa, yana kwance yana jin kansa yana cewa kwantar da hankalinka.

Ya ce, "Yaya, don Allah je ki ce ya goge. Wani na can yana sha saboda ni."

Na je. Dakta ya gyara farar rigarsa ya ce, "Baiwar Allah, kowa da ƙaddararsa. Kuma tallan ya bi gari, yarana goma kowa da shi a motarsa." Har ya miƙo mini kwalba, wai sabon haɗi. Allah ya so shi na baro almakashina a shago.

Da na faɗa wa Rediyo, sai ya ce a kawo masa makirfo. A kan gado ya naɗa, sau goma sha ɗaya yana sakewa don numfashi na yanke masa: "Ni ne mai muryar da ke ce muku basir ne. Ban sani ba na faɗa. In ka ga jini, ko bayan gidanka ya canza, ko kana ramewa, je asibiti a duba ka, ko da shekararka ashirin. Ni kunya na ji, ga ni kwance." Bayan kwana tara ya cika.

Na sayi ƙaramar lasifika. Duk Asabar nakan rufe shago in je tasha in tsaya daf da motar Dakta in kunna saƙonsa na ƙarshe. Gwaggo ta ce na haukace ina tona asirin gida. To na haukace ɗin, wa ya aike ta?

Makon jiya wani makanike, bai wuce shekara talatin ba, ya sayi kwalba, ya tsaya tsakaninmu yana waige-waige.

Ya ce, "Mama, ai murya ɗaya ce. Wanne zan bi?"

Na ce, "Wancan yana dariya ya yi shi. Wannan saura kwana tara ya mutu."

Ya dubi kwalbar da ke hannunsa. Ni kuwa idona na tela, sai ya sauka a ƙugunsa. Wandon ya tattare, ga sababbin huji uku a jikin bel ɗinsa, da ƙusa aka yi su.

Na ce, "Ɗana, yaushe ka fara huda bel ɗin nan?"

Ya sunkuyar da kai. Na kashe lasifikar, na karɓe kwalbar daga hannunsa, na ce wuce mu je, ni zan raka ka.