Malam Ladan da Mutumin da Ya Auri Inna Ya Haifi Baba

Duk wanda ya saba bin hanyar tashar Bodinga da safe ya san kukan ƙofar shagon Malam Ladan. Ƙarfe bakwai da rabi yake jingine tsohon kekensa a jikin darbejiya, ya ja ƙofar nan da ta shekara ashirin tana roƙon a ɗiga mata mai, ya share gaban shagonsa har da rabin gaban mai shayi. Daga nan ya yaye tsohon zanen da yake lulluɓe kwamfuta da shi, ya yi bismilla, ya maƙala tabaran da ƙafarsa guda zare ce. Da yatsu biyu yake bugu, kamar kaza na tsintar gero. Tun yana kan tafireta a sakatariya hannunsa ya saba haka, kuma ya ce sauran takwas ɗin ba su yi masa laifin da zai wahalar da su ba.

Aikinsa cike wa mutane fom: na jarabawa, na neman aiki, na katin ɗan ƙasa, na fasfo. Amma kafin ya taɓa harafi ko ɗaya sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya jero maka tambayoyinsa uku: "Wane suna anka raɗa maka? Wane suna aka kiran ka? Wane suna ag ga takarda?" In amsoshin ba su zo ɗaya ba, to ka hau keken haya ka koma gida ka kwaso takardunka. Saboda haka 'yan tasha suka laƙaba masa Ladan Sai-ka-dawo. Ni kaina na sha dawowa, na kuma sha zaginsa a zuci.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, ido ya gaza. Na ga bai kamata ƙofar nan ta yi kukanta na ƙarshe ba tare da wani ya ce masa sannu a bainar jama'a ba. Shaidar da nake da ita a kansa kuwa daga cikin gidanmu take.

Yayata Kaltume tana auren wani malamin lissafi da ke koyarwa a Shagari, mutumin Horo Birni, kowa Sodangi yake ce masa. Ni ƙanwar matarsa ce, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, ya kuma haɗiye. A shekarar 2012, lokacin ana barin 'yan Najeriya su shiga ƙuri'ar bizar Amurka, Sodangi ya zo wurin Malam Ladan a cike masa. Malam ya yi tambayoyinsa uku, ya ce a je a kawo takardu. Sodangi ya ce shi da yake koyar da lissafi ba za a mai da shi ɗan aike ba. Ya faɗa bas sai Sakkwato, ya sami wani shago inda ake cike fom kafin shayinka ya huce.

A can aka tambaye shi sunansa, ya ce Sodangi, alhali Abubakar Siddiƙ ne a kowace takarda tasa. Aka ce sunan matarsa fa? To, Yaya Kaltume sunan mahaifiyarsa gare ta, kuma tun ranar da aka kai ta ɗakinsa bai taɓa kama sunan nan ba, Inna yake ce mata. Ya ce Inna. Aka ce ɗa fa? Ɗansu na fari Muhammad Sani, sunan marigayi mahaifinsa aka mayar, ga kunyar uba ga kunyar ɗan fari. Ya ce Baba. Mai shagon bai ɗago kai ba, ya buga, ya ɗora hotuna, ya aika.

Da watan Mayu ya zagayo sai ga sunan Sodangi ya fito. Wayyo murna! Har Horo Birni aka yi guɗa. Yana ta rabon goro, yana tafiya kamar wanda ya riga ya sauka daga jirgi. Da aka zo cike takardun gaba, sai kunya ta koro shi shagon da ya raina. Ina nan a zaune ranar, na kawo takardun makarantarmu.

Malam Ladan ya karanta takardar sau biyu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Sodangi," ya ce, "bisa ga takardag ga, ka auri Inna, kun haihi Baba. To kai wa yah haihe ka?"

Mai shayi da ke leƙe ta taga ya yi dariya har ya ƙware. Ni kam sai da na riƙe ciki. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don Malam ya shimfiɗa fasfo uku a gefen takardar ya nuna mana: mutum ukun da suka ci ƙuri'a, babu ko ɗayansu a cikin fasfon nan. Ya ce abin da aka aika ba ya goguwa. In ofishin jakadanci a Legas ba su gamsu cewa Inna ita ce Kaltume ba, ko dai a hana su duka, ko kuma, abin da muka fi tsoro, a raba mutum da iyalinsa. Da labarin ya kai gida Yaya ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ba Amurka take wa kuka ba, tsoron a bar ta a baya take yi.

Masu ba da shawara suka yi caa. Wani ya ce a sake yin fasfo da sunan Inna da Baba, a huta. Sodangi har ya fara gyaɗa kai. Malam Ladan ya ce, "Ba a ɗinke ƙarya da ƙarya. Ramin ta ƙurarre na. Gaskiya muka hwaɗa musu, in sun karɓa to, in ba su karɓa ba mun dai kwana da mutuncinmu."

Sai ya rufe shago ranar kasuwa, ranar da ya fi samun jama'a, ya hau mota zuwa Horo Birni. Ya nemo limamin da ya raɗa wa yaron suna, ya nemo waliyyan aure, ya kai su kotu aka yi takardar rantsuwa. Ya dawo ya cike sababbin takardun da sunayen gaskiya. Sannan ya zauna rubuta wasiƙar bayani da Turanci. Kwana uku ya yi a kanta da yatsunsa biyu, yana bugawa yana yagewa, wai yana neman yadda zai fahimtar da Bature cewa mutum yana iya ƙin faɗin suna saboda tsabar girmama mai shi. Na karanta wasiƙar. Ban taɓa ganin an bayyana kunyarmu da kyau haka ba, ko da Hausa.

Saura abu ɗaya. Malam ya ce a Legas za su iya tambayar Sodangi sunan matarsa baki da baki, don haka a yi gwaji. Ya ɗaura wani tsohon laktaye a kan kaftani, ya koma bayan taga, ya maƙe murya ya zama Bature. Ya yi tambayar.

Sodangi ya buɗe baki. "Ka... Ka..."

"Kabewa?" in ji Malam. "Katanga? Ƙarasa mana, bawan Allah, layi na da tsawo."

"Mai sunan Inna," in ji Sodangi.

"Bature bai san Inna ba."

Kwana uku ana wannan. Mutumin da yake warware lissafin da ke sa ɗalibai kuka, ga shi suna guda ya kayar da shi. Ni na ce a watsa masa ruwan sanyi ko zai faɗo. Malam Ladan bai biye mini ba. Ya kwance laktayen ya ce, "Ba taurin kai ba na, tarbiyya ta. Suna na da mai shi. Mu tahi mu roƙa."

Muka tafi Horo Birni mu huɗu, ni da Malam da Sodangi da Yaya. Mun tarar da tsohuwa, mahaifiyar Sodangi, a inuwar rumbu tana gyaran albasa. Malam Ladan, da furfurarsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gona da dabbobi, sannan ya kwance mata zancen tun daga tushe. Ba ta dubi ɗanta ba ko sau ɗaya.

"Wato Bature ka son ɗan ga shi kama sunana?"

"Ba naki ba, Inna, Allah shi ƙara miki lahiya. Na matatai."

"Ai duk ɗaya na."

Ta ci gaba da ɓare albasa har muka fara cire rai. Can ta ce, "Na ba shi aro, sau guda. Can gaban Bature, ba nan ba, kuma ban yarda da gwaji ba. In ya hwaɗi shi kurkure bakinai. Na ubanai kuwa, mai shi ya riga mu gidan gaskiya, ba shi jin haushi."

Haka suka tafi Legas da izini sau ɗaya, ba gwaji. Abin da ya faru a can daga bakin Yaya na ji shi, kuma na sa ta maimaita ya fi sau goma. Wata Baturiya ce a bayan gilashi. Ta duba hotuna, ta duba takardun rantsuwa, ta daɗe a kan wasiƙar Malam. Sannan ta dubi Sodangi ta ce ya faɗi sunan matarsa. Ya runtse ido ya faɗa can cikin maƙoshi. Baturiya ta nuna kunnenta, ba ta ji ba. Sodangi ya ga aron da aka ba shi ya tafi a banza, ga matarsa a tsaye tana jira. Sai ya cika ƙirji ya ce, "Kaltume!" har mutanen da ke zaune suka waiwayo.

Yaya ta ce, "Na'am!"

Ta rantse mini ba ta san lokacin da ya fito ba. Shekara tara da aure, ranar ta fara jin sunanta a bakinsa. Ta ce hawaye suka zubo mata, ga dariya ta ƙi tsayawa. Baturiyar ma ta yi dariya, ta karɓe fasfo ukun don a buga musu biza.

Da Sodangi ya bugo waya, tambayar farko da Malam ya yi ita ce, "Ka hwaɗi?" Ya ce sau biyu. Malam ya ce, "Sau guda anka ba ka." Washegari ya sake rufe shago ya koma Horo Birni don ya kai rahoton ƙarin, tunda shi ya karɓo aron. Tsohuwa ta saurare shi ta ce, "Na hwarko nawa na. Na biyun na matatai na, ba ruwana."

Malam, kai ne ka san suna ba abin gaggawa ba ne. Kai ne ka yarda a kira ka Sai-ka-dawo, don kada wani ya je inda ba a dawowa gyara. Ka yi mana dariya, ba mu musa ba, amma ba ka taɓa ce wa kunyarmu ƙauyanci ba, ba ka kuma yarda a sayi biza da ƙarya ba. Mutum nawa ne a Bodinga da Sifawa da Shagari suke riƙe da takardu masu suna ɗaya saboda ka kore su gida? Ba su san yawansu ba, kai ma ba ka ƙirga ba. Na zage ka a zuci, yau na janye a fili. Ina ƙaunarka saboda Allah, kuma zan yi kewar kukan ƙofar nan.

Ku kuma masu shagunan zamani da yatsunku goma, ba mu hana ku sauri ba. Amma in bawan Allah ya ce muku sunan matarsa Inna, ku ɗago kai ku dube shi, ku yi masa tambayoyin nan uku. Minti biyu ne.

Mun gode, Malam Ladan. Allah ya ba idanun nan sauƙi, ya sa ka huta lafiya, ya kira ka da mafi kyan sunayenka ranar da za a kira kowa. Da na gaya wa Yaya Kaltume a waya cewa za ka rufe shago, sai ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maka har yau Sodangi bai sake faɗa ba, ya koma Innarsa tun a bakin ƙofar ofishin. Amma ta ce gudan nan da tsohuwa ta bar mata yana nan, ta adana shi, kuma kai ka samo mata.