Ƙofar Ɗaso Ba Ta da Ƙararrawa

Duk layinsu a unguwar Misfala an san gidan Hajiya Ɗaso mai yajin tsire. Ranar da ta tare, da taɓarya ta farfasa ƙararrawar da ta tarar a ƙofa. Mai son shiga sai dai ya ɗaga murya ya yi sallama. Dalili kuwa, ba wanda ya isa ya tambaya.

Wata Juma'a ana cin tuwon rana, jikanta Turki, mai ce mata Sitti, wanda ya dawo daga karatu a Turai, ya zaro waya.

"Sitti, ji abin mamaki. Wani tsohon coci muka shiga, ƙararrawa arba'in a hasumiya ɗaya, mutum guda ke kaɗa su kamar waƙa."

Ya danna, amon ƙararrawa ya tashi. Ɗaso ba ta san sa'ad da ta suri muciya ba. Bugun farko ya sami wayar, na biyu ya sami yatsunsa. Ta dinga maka, gilashi na tartsatsi, miya ta kife a darduma, sai da ƙanwarsa Haifa ta rungumo ta ta baya.

"Wallahi tsohuwar nan ta haukace!" in ji Turki, jini na bin gwiwar hannunsa.

Ɗaso ta zube a ƙasa, maganar da ta daɗe tana ɓoyewa ta ƙwace mata. Tana 'yar shekara tara, a wani gari a kudancin Cadi, rikici ya ɓarke a kasuwa. Yayanta Hassan ya finciko ta suka faɗa cocin unguwar. Tsohon da ke kaɗa ƙararrawa ya cusa ta ƙarƙashin matakala. Hassan ya koma rufe ƙofa, 'yan rikicin suka cim masa da adduna. Ta tsagar katako ta ga sara na farko, ta ga na biyu, ta ƙwalla ihu. Tsohon ya cafki igiya ya yi ta kaɗawa don kada su ji muryarta. Bai saki ba har tafukansa suka saɓule, har suka fita.

"Ko sunan tsohon ban tambaya ba," ta ce.

Ta yagi gefen mayafinta ta ɗaure wa Turki yatsu.

"Sautin da ka ɗauko ya tafi da wayar?" ta tambaye shi.

"Ya turo min, Sitti," in ji Haifa.

"Kunna. Kada ki ƙure."

Ta damƙe wuyan hannun Turki, ta saurara har ƙararrawa ta ƙarshe ta yi shiru.