Cibiyar da Iya ta ƙi yankewa

Jiya na ga wata Bafulatana tana tatsar saniya a bayan Kasuwar Shanu, sai na tuna yatsun Iya, ungozomar unguwarmu. Ita ba ta yanke cibiya sai jariri ya yi kuka.

A shekarar babban fari na haifi namiji da hantsi. Ya faɗo kan tabarma shiru, leɓensa baƙi. Surukata ta miƙo reza.

"Yanke, Iya. Wannan ba na zama ba ne."

"Ajiye rezarki, baiwar Allah, ba kaza na zo yankawa ba."

Ta kama cibiyar tana tatsa zuwa cikinsa, tana hura masa iska a hanci. Ɗakin na ƙarnin jini da hayaƙin kara. Ta jawo hannuna ta ɗora kan igiyar, da ɗumi, da santsi.

"Kin ji tana bugawa, 'yar nan? Muddin tana bugawa, yana tare da mu."

Na ji. Na kuma ji tana raguwa, har ta tsaya a tsakanin yatsuna. Iya ta daɗe tana tatsa kafin ta karɓi rezar.

Ban sake haihuwa ba. Mutanen gida suka ce gawa na haifa, ko suna ba a raɗa masa ba. Ni da Iya kaɗai muka san ya yi rai. Yanzu saura ni.

Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da yarona a can.