Ɗan Majemi a Ingila

Shekara huɗu na yi a makarantar kwana ina ɓoye sana'ar mahaifina. Majemi ne. Gidanmu yana Tudun Wada, majemar kuma tana bayan unguwa, bakin rafi, inda in iska ta juya har mutanen Tudun Jukun sai sun san ana aiki. Ranar da aka ɗauke ni makaranta, malamin da ke rubuta sunaye ya tambaye ni aikin ubana. Wanda ke gabana a layi ɗan hakimi ne, na bayana ɗan alƙali. Na buɗe baki na ce, "Fatauci." Ya rubuta, ni kuma daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Ruwan bagaruwa yana rina farce, wannan kowane ɗan majemi ya sani. Saboda haka in hutu ya kusa ƙarewa sai in tsiri ciwon kai in daina zuwa majema, in zauna ina dirzar yatsuna da lemon tsami. Na gaya wa Baba ba a barin iyaye su shiga makarantarmu, alhali ga ta nan cikin Zariya, tafiyar ƙafa. Bai taɓa musa mini ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada 'yan ajinmu su gano ko ni ɗan wane ne.

A shekarata ta ƙarshe, lokacin ana ta maganar mulkin kai, aka zaɓi mu shida, har da ɗan hakimin nan, za a kai mu Ingila da dogon hutu, mu ga makarantu da gonaki da masana'antu. Shugaban makaranta ya tara mu ya ce tafiya mabuɗin ilimi ce. Inna ba ta ga wani ilimi a ciki ba, sanyi kawai ta hango, ta cika mini gwangwani da dakuwa da yaji. Ranar tafiya Baba ya zo tasha, amma ya tsaya can wajen masu goro, hannuwansa cikin riga. Na ɗaga masa hannu kamar yadda ake yi wa maƙwabci. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Jirgin ƙasa ya kai mu Ikko, na ruwa ya kai mu can, bayan mun amayar da duk abin da muka ci tun daga yaye. Mun ga injin da ke tatsar saniya, mun shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Malamin da ya raka mu ya sa kowa ya riƙa rubuta abin da ya gani, shi kuma yana dubawa da jan alƙalami. Yawancin abin da na rubuta na manta da shi.

A mako na uku aka kai mu wani ɗan shago inda ake yi wa tsofaffin littattafai sabon bango. Ina sa ƙafa a ƙofa hancina ya riga idona gane abin da ke ciki: warin jemammiyar fata. Mai shagon wani tsoho ne, da fensir a bayan kunne. Ya buɗe wani akwati ya warware jar fatar akuya a kan tebur, ya shafa ta a hankali. Ya ce duk fatun da yake aiki da su babu kamarta, ba ta tsagewa, ba ta ruɓewa, kuma daga ƙasarmu take zuwa. Ya ce tun yana saurayi yake ɗinka ta, amma bai taɓa samun wanda zai gaya masa yadda ake jeme ta ba. Sai ya dubi Malam.

Malam mutumin littafi ne, bai san ko ta wace hanya ake zuwa majema ba. Ya yi murmushi ya dube mu. Muka kama kallon juna. Can sai ɗan hakimin nan, wanda shiru ke yi wa wuya, ya gyara murya ya ce ai shanya ta ake yi a rana, in ta bushe a shafa mata jan launi. Tsohon ya gyaɗa kai don ladabi, ya fara naɗe fatarsa.

Ni kuwa ina da wani hali tun ina ƙarami, ba na iya jin an faɗi abu ba daidai ba da gadara in yi shiru. A shanya a rana! Aikin da Baba ke kwashe kwanaki yana yi, bayansa a sunkuye. Ban san lokacin da na ce, "Ba haka ba ne."

Da Turancina mai ɗingishi, ina cike gurbi da Hausa, na ce da farko ana jiƙa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, a ɗora a kan gungume a kankare da wuƙa. Sannan a sa ta cikin kashin tattabara ta yi laushi. Nan 'yan uwana suka fashe da dariya, ban kula su ba. Na ce sai a daka bagaruwa a tsoma ta ciki ana juyawa, a shafe ta da man gyaɗa, jan kuma daga karan dafi yake, da 'yar kanwa. Na karɓi fatar na ja ta, na nuna masa inda aka fi murzawa. Tsohon ya zare fensirinsa yana rubutawa a bayan wata takarda, ya sa na maimaita masa bagaruwa har sau uku.

Da na gama ya tambaye ni a ina na koyi duk wannan. Na ji idanun 'yan uwana biyar da na Malam a ƙeyata. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Na ce, "Mahaifina majemi ne. Ni ma na iya." Ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza, ya ce in gaishe masa da shi.

A mota na koma kujerar baya ni kaɗai, ina jiran abin da zai biyo. Ɗan hakimin ya taso ya zauna kusa da ni.

"Kai, ashe haka Turanci ke zubo maka in an taɓo gida?"

Na ce, "Na yi muku ƙarya."

Ya dube ni kamar na zautu. "Wace ƙarya kuma? Tun muna aji ɗaya muka sani. Dukawan gidanmu wajen babanku suke sayen fata. Mun ga dai abin yana ba ka wahala, shi ya sa muka ƙyale ka."

Da farko haushi ya turnuƙe ni. Duk lemon tsamin nan a banza! Sai kuma na kama dariya har da hawaye. Ranar ko dafaffen kabejinsu marar gishiri sai da na cinye tas. Daga nan har muka dawo Sarkin Jima suke kirana, ina amsawa.

Kashegarin isowarmu na tafi majema da farar rigar makaranta a jikina. Na sami Baba a kan gungume yana kankarar fata. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da gaisuwar tsohon, na ba shi labari duka, har da ƙaryar fatauci da na sa aka rubuta a littafin makaranta. Bai ɗago ba, wuƙarsa ba ta tsaya ba. Sai da na yi shiru ya ce, "Fatar da ya nuna muku, ka duba ta da kyau?"

"Na duba, Baba."

"Akwai aibu?"

"Akwai ɗan yankan wuƙa wajen wuya."

"To, ba tamu ba ce."

Ya matsa gefe ya bar mini rabin gungumen, ya miƙo mini wuƙa. Ya ce, "Tuɓe rigar nan tukuna, kada ta ɓaci."