Jar Rigar Ladi

Damina ce mai nauyi, irin wadda ruwa ke wuni yana zuba a Jos har tabarma ta fara wari. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Dankali ya ruɓe a gonarmu ta Naraguta, ga rasuwar Inna Asabe, mahaifiyar Ladi. Ni da Ladi 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma sa'o'in juna.

Da magariba mukan kewaye murhun Kaka, masara na gasuwa. Ran nan Kawu ya shigo da jar riga mai kwala da maɓallai, ya ce sunanta polo, ya miƙa wa Ladi. Ni ko kallona bai yi ba. Kaka kuma ta jawo Ladi kan cinyarta, wurin da nake ganin nawa ne. Na ƙi masarar, na juya wa wuta baya.

Don in ɓata rigar na ce, "Polo ai wurin da mota ke sauke mutane ne. Wa ke sa sunan tasha a jiki?"

Kaka ta yi dariya. "Ke sarkin fushi, matso. Da wurin da rigar duk aron suna suka yi. Polo wasa ne na Turawan haƙar kuza, a kan doki, da doguwar sanda da 'yar ƙwallo. Ga tatsuniya tana zuwa, mai kunne ya tare ta."

Wai wani jaki ne mai dakon kuza. Kullum ya bi ta gefen filin wasan sai ya ga doki ana wanke shi, ana ba shi dawa, an naɗe masa wutsiya an ɗaure tsaf don kada sanda ta sarƙe. Jaki ya ɗauka ado ne. Ya yi ta kuka har mai shi ya ɗaure masa tasa. Da ƙudajen damina suka taso, ba abin kora. Ya je wurin doki yana ƙorafi, doki ya ce, "Ni ma haka nake wuni. Ka taɓa tambayata?"

Na ce, "To ni a ɗaure mini, a ba ni rigar."

Ba wanda ya yi dariya. Kaka ta ci gaba da juya masara.

Sai da na haifi nawa na gane abin da take faɗa mini. An riga an yanke za a kai Ladi Kaduna riƙo, rigar ta tafiya ce. Duk da haka ba zan ɓoye ba, har yau in na ga jar polo a gwanjo sai in kau da kai. Na daɗe da daina son rigar. Cinyar Kaka ce.

Washegarin wannan tatsuniya, da safe, Kaka ta yi wa Ladi wanka, ta sa mata rigar, ta ɓalla maɓallan har wuya, ta raka ta mota. Da ta dawo ta zauna bakin murhu, ta buga cinyarta ta ce in zo. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon wurin, na kasa zama.