Zama a gindin tagarsa

A Gwandu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta tsare shi da tambaya. Haka na tashi na tarar, haka na riƙe. Shi ya sa duk abin da na sani game da aikin yaron nan, ta taga na ji shi. Ɗakinsa na kallon tsakar gida, ni kuwa a gindin tagar nake shimfiɗa tabarma in tsinci shinkafa. Inuwa ta fi kyau a can, ko da yake ba inuwar kaɗai ke kai ni ba.

Da gyaran waya ya fara a bakin kasuwa. Daga nan ya tafi Birnin Kebbi koyon kwamfuta, ya dawo ya rufe kansa yana rubuta jarrabawa da mutanen da ba ya gani. Na ji yana gaya wa abokansa hanyoyin suna da yawa: wasu na ƙera manhaja, wasu na bin sawun ɓarayin intanet bayan sun yi ɓarna, shi kuwa gadi ya zaɓa. Na daɗe ina juya wannan gadi a raina, gadin da ake yi a zaune, da kofin shayi a gefe.

Ana haka ya ga yarinya a Kalgo. Magana ta yi nisa, sai aka kai wa iyayenta labari cewa saurayin ba ya fita ko'ina, amma ya sa sola a gida ya sayi babur. Kowa ya san abin da ake nufi: damfarar intanet. Suka dakatar da komai, suka turo gwaggon yarinyar, wai ta biyo hanya ne ta shigo mu gaisa.

Bayan ta sha fura, muka gaisa har muka gaji, ta gyara zama.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Wanga yaro naku, mi yaka yi?"

Amsa na cike da bakina, amma yaya uwa za ta zauna tana yabon ɗan fari a gaban baƙuwa? Na ce, "Yaya, rana ta iso mu nan. Mu koma can." Na ja tabarma zuwa gindin taga, na miƙa mata faifai.

Ba mu jima ba muka ji ya kira wata ma'aikaciyar asibiti a waya.

"Hajiya, saƙon da kika buɗe ɗazu, mai cewa an ƙara miki girma, ni na turo shi."

Gwaggo ta daina tsinta, ta dube ni.

"Gwaji ne, asibitinku suka sa mu. Da ɓarawo ne ya turo, da yanzu bayanan marasa lafiya na hannunsa."

Matar ta hau shi da faɗa, har tsakar gida muna jin muryarta. Wai ya sa ta yi murnar banza, ta riga ta gaya wa mijinta, kuma shi ba ya da aikin yi ne sai yaudarar manya? Ya bar ta ta gama. Ya ba ta haƙuri, ya nuna mata inda za ta duba ta gane saƙon ƙarya, ya ce lambar sirrinta kada ta ba kowa, ko shi ne ya tambaya. Can muka ji ta yi dariya.

Gwaggo ta matso ta rage murya. "Kenan biyansa akai ya ɗana ma mutane tarko, don kada su faɗa na gaske?"

Na ce, "Haka nika ji ana faɗi."

"Ana faɗi," in ji ta, tana hararata. "Ke dai Hajiya. Aikin ban gane shi duka ba. Amma an wanke shi tas bai ɗaga murya ba, ɗiyarmu kuwa akwai baki."

Ta ajiye faifan ta ƙwanƙwasa tagar da kanta. "Kai mai gadi, fito surukarka ta gan ka. Ina da jika ya gama sakandare yana zaune, ta ina aka farawa?"

Da na ji motsin takalmansa sai na tashi na shige kicin, kamar yadda ya kamata. Ƙofar ce dai ban rufe ba.