Baba Kwalkwal da Hannunsa na Dama

Shagon askin Baba Kwalkwal ɗaki ɗaya ne tal, a matse tsakanin rumfar mai faci da kantin magani. Kujera mai juyi guda ce, ita ma ta daina juyawa hagu tun da daɗewa, sai dogon benci da madubi mai tsaga a kusurwa. Sunan kuwa samari ne suka laƙaba masa, don duk salon askin da ka kwatanta masa zai saurare ka da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya yi maka wanda ya ga ya dace da ƙeyarka. In ka yi ƙorafi ya ce, "Ɗana, gashi ne, zai fito."

Da ƙuruciyarsa ya koyi sana'ar a hannun kawunsa. A coci ya haɗu da matarsa, tana cikin mawaƙa, shi yana bencin baya yana ɓata musu waƙa da murya kamar injin niƙa. Sun haifi uku, na fari ya rasu yana rarrafe. Ranar da suka dawo daga binne shi matar ta fara jin maganar da ta zauna a bakinsa har tsufa: "Wanda ya yi alkawari ba ya mantuwa." Kullum kafin ya karɓi kan kowa sai ya durƙusa jikin kujerar nan, ya miƙa wa Yesu yininsa.

Wata rana da hantsi, yana tsakiyar yi wa mai faci aski, injin askin ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi shi ƙasa. Mai faci ne ya kinkime shi zuwa asibiti, rabin kansa a aske, tawul rataye a wuya. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce.

A hankali baki ya dawo. Ƙafa ma ta dawo, ko da yake sai da sanda. Hannun dama ne ya ƙi, ya kwanta a cinyarsa kamar ba nasa ba. Fasto ya zo ya yi addu'a, matan coci suka zo, masu ba da shawara kuwa sun fi masu kawo gaisuwa. Har yayansa ya taso daga nesa da labarin wani mai magani da ke ɗaura wa mutum laya ya miƙe. Baba ya ce, "Na gode, Yaya, amma na riga na kai kukana inda ake jin sa."

Ba wai bai ji ciwon abin ba. Wata safiya ya yi ta fama da maɓallin rigarsa har ya gaji, ya kifa kai a bango yana hawaye. Matarsa ta zo ta ɓalla masa, sannan ta zauna gefensa ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Baban Auta, mun roƙa, mun yi azumi. Ina alkawarin?"

Ya share ido da hannun hagu ya ce, "Na yi ta tunani, Maman Auta. Ban tuna inda ya ce mini hannuna ba zai mutu ba. Cewa ya yi ba zai bar ni ba. To, ki duba, wa ya ɓalla mini rigar nan?"

"Ni ce mana."

"Wa ya ba ni ke?"

Ta yi tsaki, tana dariya tana goge hanci da bakin zani. "Kai dai bakinka ne ya fara warkewa, shi ya sa."

Ita ce ta kawo maganar buɗe shago. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure, suna taimakawa gwargwadon hali, amma zaman gida yana ƙara kwantar da shi. Ta ce ido nasa, hannu nata. Suka share ƙura, suka sa wa inji mai, suka zauna jiran mai tsautsayi. Mutane na leƙowa, in sun ga mace riƙe da inji sai su tuna suna da uzuri. Daga ƙarshe mai faci ya shigo ya zube a kujera ya ce, "Uwargida, mijinki ya taɓa bari na da rabin kai. Me ya rage da zan ji tsoro?"

Baba na tsaye a bayanta yana ba da umarni. "Sassauta hannu. Bi kwanciyar gashin. A'a, ba kunnen ba!" Da aka gama, mai faci ya dubi madubi ya ce kansa ya zama gonar da akuya ta shiga. Sati guda yana yawo da hula.

Amma hannun da ya saba da kitson 'ya'ya bai daɗe yana kuskure ba. Iyaye mata suka gano yaransu ba sa kuka a wurinta, suka riƙa kawo su. Sannan tsofaffi suka dawo, don hirar Baba suke so ko da ma. Samari ne na ƙarshe, da suka ji labarin ita tana yin askin da aka ce ta yi.

Yanzu in ka bi ta layin za ka same shi a bakin ƙofa, ya koyi shara da hagu, yana tara gashi yana rera waƙar coci da muryar nan tasa. Bai daina roƙon hannun ba. Ya ce in an ba shi a nan ya gode, in kuma sai ranar tashin matattu, to ba a makara ba.

Kwanan baya 'yarsu Auta ta kawo ɗanta mai shekara biyu. Baba ya hau kujera, ya rungume jikan da hannunsa mai lafiya, yana yi masa wasa da gemu don kada ya motsa. Kakar ta kunna inji. Baba ya buɗe baki zai ce a sassauta hannu, ta dube shi ta cikin madubi ta ce, "Malam, riƙo aka sa ka." Ya rufe bakin, ya ƙara matse yaron a ƙirjinsa.